Abin Sauraren Ƙirji a Kunnen Baba

A ɗakin gaggawa na asibitin, Anti Raɗa ake kiranta, don ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. Nas ce, ta daɗe a aikin. Mahaifinta mai injin niƙa ne, ƙarar injin ta cinye masa kunne, ita kuwa ta tashi tana ganin yadda tsawa ke ƙara sa shi yin gum. Shi ya sa kowane majinyaci da irin muryar da take yi masa. Yaro ta tsuguna masa, mai tsoro ta riƙe masa hannu.

Wata rana da hantsi aka turo wani tsoho, goshi a fashe. A banɗaki ya zame. 'Yarsa na biye.

Likita ya tambaye shi sunansa, shiru. 'Yar ta sunkuya ta kwatsa masa, "Baba, likita na magana!" Tsohon ya runtse ido, ya juya wa bango fuska.

"Anti, dole mu san maganin da yake sha," in ji likita, yana duban Anti Raɗa. "In na tsinka jini ne, jini na iya taruwa a cikin kai."

"Wallahi ban sani ba," 'yar ta ce. "Ɓoye magungunansa yake kamar alawa."

Tun shigowarsa Anti Raɗa ta lura bakin mutane yake kallo, ba idonsu ba, kamar mahaifinta. Ta cire abin sauraren ƙirji daga wuyanta, ta goge, ta sa masa a kunnuwa. Ta kawo faifan saitin bakinta.

"Sannu, Baba," ta ce a hankali. "Kana ji na?"

Ya buɗe ido. "Ikon Allah. Wace ce wannan mai ladabi?"

"Nas ce. Wane magani kake sha?"

"Na hawan jini, da wani ɗan ƙarami na tsinka jini. Tambayar ke nan? Na zaci faɗa ake min."

Nan take aka wuce da shi hoton kai. Allah ya taimaka, ba jini a ciki. Aka ɗinke goshin, aka kwantar da shi ana lura da shi.

Da yamma Anti ta zo karɓar kayanta, ta tarar da abin yana kunnensa, 'yar na riƙe da faifan.

"Baba," 'yar ta ce ƙasa-ƙasa, "za ka sha shayi?"

Tsohon ya daɗe yana kallonta. "Ashe haka muryarki take? Sak ta uwarki."

Anti Raɗa ta ja musu labule, ta tafi aron na likita.