Injin wanki ya riƙe min hijabai ranar rasuwa

Jama'a, yau injin wanki ya kunyata ni a gidan rasuwa!

Sabon injin da ɗana Sani ya kawo ne, mai ƙofar gilashi. Da safe surukata Maryam ta zuba hijabaina duka a ciki. Yana cikin juyi aka ɗauke wuta. Sai ga waya daga unguwar Sintali, aminiyata Goggo Adama ta rasu. Innalillahi! Ni ta yi wa wasiyyar wankanta.

Na ce, "Maryam, ciro min hijabi ko jiƙaƙƙe ne."

Ta ja ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Ta ce, "Inna, kulle kansa yake yi, sai an kawo wuta."

Ina ganin kayana ta gilashi, na kasa taɓawa! Tsohon injina da Sani ya kyautar, murfi kawai kake ɗagawa.

Gawa ba ta jira. Na yafa jan mayafin Maryam mai ƙyalƙyali, na hau keke napep. Ƙanwar mamaciya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Yaya, biki kika zo?"

Na yi wa Adama wanka a haka, ina kuka.

Ina dawowa aka kawo wuta. Injin ya gama wankinsa, ya buɗe ƙofa, har da ɗan kiɗa.

Sani, kana karantawa. Ka dawo min da tsohon injina.