Yaya, wadda ta koya mana buɗe baki a gaban manaja

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan nan, muna tsaye a bakin injin guga aka shigo da labarin rasuwarki, Yaya. Babu wadda ta yi kururuwa. Injunan muka kashe ɗaya bayan ɗaya, kowa ta nemi wuri ta zauna.

Ni baƙuwa ce a ƙasar nan, kamar yawancin matan da ke wankin zannuwan otal a kamfaninmu. Ke a nan aka haife ki, amma ƙabilarku 'yan tsiraru ne, kin san ɗacin abin. Ke kika fara nuna mana cewa da albashi ɗaya ake ɗaukar kowa, amma shekara na zagayowa na sauran 'yan ƙasa ya yi gaba, naku yana rarrafe, namu kuwa yana nan inda aka ajiye shi.

Duk ƙarshen shekara manaja kan kira mu ɗaya bayan ɗaya ya tambaya ko akwai magana. Mu da aka raina da kunya sai mu sunkuyar da kai mu ce lafiya lau, mun gode. Ashe a wannan zaman ake neman ƙari! Ranar da kika gane abin da muke faɗa a ciki, kin riƙe baki, kin ce wallahi mun ba ki haushi.

Daga nan kika mai da hutun rana makaranta. Ki kifa bokiti ki hakimce a kai, tabarau a kan hanci, wai ke ce manaja. Duk wadda ta kuskura ta yi godiya tun ba a ba ta komai ba, dukan rigar matashin kai za ta sha a baya. Mun yi dariya har da hawaye, amma mun koya. Ni ce daƙiƙiyar ajin, kuma kin san abin da ke cina: 'yata tana can gida wurin mahaifiyata, ɗakin da albashina ke iya kamawa kuwa ba zai ɗauke mu mu biyu ba.

Da na je duba ki a asibiti, numfashi da ƙyar, ba ki bar ni na tambayi jiki ba.

"Ƙanwata, bana ba zan raka ki bakin ofis ba. Ki kalli idonsa ki faɗi aikin da kike yi. Yarinyar nan tana jiran ki."

Bayan an kai ki makwanci layin ganin manaja ya zo kaina. Na shiga, na ɗaga kai, na faɗa. Manaja ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina, sannan ya ce za a yi mini ƙari daga wata mai zuwa. Waɗanda suka shiga bayana ma sun faɗi nasu. Ba mu kamo kowa ba tukuna, amma mun motsa. Na kira mahaifiyata na ce ta fara haɗa kayan yarinyar, ina faɗa ina kuka.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanki da 'ya'yanki da dangi baki ɗaya, Allah ya ba ku haƙuri. Idan 'yata ta iso, gidanku zan fara kawo ta gaisuwa.