Sun Shafe Lambarmu da Farar Ƙasa, Malam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, ina tsugune ina kwance injin wani babur aka zo aka ce mini ka rasu, Malam. Da baƙin mai a hannuna na bi gawarka.

Kai tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, ni kuwa makanike ne da ya bar makaranta tun firamare. Amma ka zaunar da ni a zaurenka, ka ɗauki gawayi ka mai da bango allo. A wurinka na san lambobi ma hali gare su. Akwai cika, akwai mara. Akwai masu kyauta irin 720,720, wadda ka ce ko mutum nawa ne, daga ɗaya har sha shida, za ta rabu a tsakaninsu ba saura. Akwai kuma waɗanda kake kira masu taurin kai, ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Kana dariya ka ce, "Danginka ke nan, ɗan banza."

Bara ka rubuta wata doguwar lamba mai gurbi bakwai a saman bangon, ka ce mu gano ko mai taurin kai ce. Da hannu, ban da waya, ban da kwafa a takarda. Duk yamma muna gwada ta da masu taurin kai ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, tana ƙi. Mun wuce dubu. Ka ce idan muka kai wajen dubu uku ba ta rabu ba, shi ke nan, ta tabbata. Ko a gadon asibiti sai da ka ce, "Ka ƙarasa mini ita."

Malam, kafin a yi addu'ar uku 'ya'yanka sun shafe bangon da farar ƙasa! Wai manyan baƙi za su zo gaisuwa. Na tambayi babban ɗanka, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan ƙazantar? Baba ya tsufa ne kawai." Ƙazanta! Mutumin da ya shekara bai leƙo zauren ba, ran da ya leƙo da buroshi ya zo. Baƙin sun zauna, sun sha ruwa, sun tafi, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dubi bango. Ni kuma abin da na riƙe kawai game da lambar, da bakwai take ƙarewa.

Jiya Inna, matarka, ta kira ni gefe ta ce, "Ɗana, daina huci. Farar ƙasa in ta jiƙa, gawayi yakan nuna." Ta miƙo mini makullin zauren.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Inna haƙuri. 'Ya'yanka ma ina yi musu ta'aziyya, don darajarka. Amma su sani, gobe da bokiti zan zo.