Madubai goma sha ɗaya na Gwaggo Ramatu

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar Gwaggo Ramatu, yayar mahaifina, ungozomar unguwarmu a Filinge, cikin ƙasar Kurfai. Na so in rubuta wannan waiwaye da hawaye kamar yadda aka saba, amma Gwaggo ba ta bar mana wannan damar ba. Duk ta inda na ɗauko labarinta, dariya ce ke riga hawaye fitowa.

Ranar sadakar arba'in ɗinta muka jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gadonta, muna zaton goro ne ko turare. Da muka buɗe sai ga madubai, guda goma sha ɗaya. Akwai na kwalli, akwai fasasshe, har da madubin moto, wato babur. Can wata dattijuwa daga Tabla ta miƙa hannu ta ce, "Wanga nawa na." Sai dariya ta ɓarke, kowa na neman nata tana rufe fuska da mayafi. Na moton nan nawa ne.

Ga yadda ya shiga kwallar. Bayan haihuwata ta fari na kwance madubin moton mijina, na shiga bayan ɗaki na duba inda ɗa ya fito. Abin da na gani ya tsorata ni, na tabbata na lalace har abada. Na je wurin Gwaggo ina kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta yi min tambayoyinta uku da duk matan unguwa suka haddace.

"Yana ciwo?" Na ce a'a. "Yana zuba?" Na ce a'a. "To wa ya hwaɗa miki ya lalace?"

Na nuna madubin. Ta karɓe ta cusa a zani. "Ke ɗiyar ƙanena, naki guda kika gani, ni na ga na rabin Kurfai. Ban taɓa ganin biyu iri ɗaya ba. Da wanne kika gwada?" Mijina ya yi wata guda yana zargin mutanen tasha da sace masa madubi.

Kada a ɗauka Gwaggo maƙiyiyar wuƙar likita ce. Ita kanta an yi mata aiki a Yamai tana matashiya, bayan wata doguwar naƙuda da ta bar ta da yoyon fitsari, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Wadda ta amsa "e" a tambaya ta ɗaya ko ta biyu, Gwaggo da kanta take sa ta a mota zuwa asibiti. Ta ukun ce kawai take kai madubi cikin kwalla.

Sau da yawa nakan ce, da tana raye yau me za ta ƙwace? Madubin yanzu, wato waya, yana magana, kuma yana da hotunan "kafin" da "bayan". Yana gaya wa mace cewa akwai siffa guda da ta dace, akwai kuma likitan da zai yanka ya ɗinke ta koma kamar ba ta taɓa haihuwa ba.

Bara abin ya zo har ɗakina. Ƴata ta fari, wadda ba zan kira sunanta ba, ta zo gida wankan jego. Da ta yi arba'in sai ta ce za ta biya Yamai ganin likita kafin ta koma ɗakinta. Na ce lafiya? Ta ce lafiya lau. Da hantsi ta miƙo min wayarta in ga hoton jaririn, yatsana ya zame, sai ga hotunan nan, ga saƙon wani asibiti da ya ba ta rana. Lafiyayyen jiki za a kai wa wuƙa, ga shi tsakanina da ƴar fari akwai kunyar da ko ido ba ma haɗawa sosai.

Na rasa bakin magana, sai na ari na Gwaggo. Na jawo kwallar, wadda na gada da sauran madubai uku da masu su suka ƙi amsa sunansu, na ajiye a gabanta. Na ba ta labarin madubin babanta ina kallon bango. Ta yi dariya har jaririn ya farka. Sannan na tambaye ta, yana ciwo? A'a. Yana zuba? A'a.

Ban kai ga ta ukun ba. Ta dubi wayar, ta dubi kwallar, idonta ya cika da ƙwalla. "Inna, na ɗauka ni kaɗai ce haka."

"Ni ma haka na ɗauka," na ce, "ke kuwa ke ce sanadi."

Gwaggo ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗan kanta ba, duk nata sun koma tun suna jarirai. Tambayoyi uku ta bari, da kwalla guda. Ranar nan ƴata da hannunta ta sa wayar a ciki ta rufe murfin. Gaskiya bayan la'asar ta ɗauki abarta, ƴar zamani ce. Amma washegari motar Yamai ta tashi da safe babu ita.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Ramatu. Kwallarki tana aiki.