Onarabul Ya Ari Kawuna

Maƙwabcina a Bodinga sau biyu yana tsayawa takarar majalisar jiha, sau biyu yana shan ƙasa. Faɗuwarsa ta farko ta yi ƙarar da har tantabarun Sifawa sai da suka tashi. A ta biyu kuwa, na rantse, da akuyar gidansa tana da katin zaɓe, da wani za ta dangwala wa. Duk da haka Onarabul muke ce masa, don shi ya raɗa wa kansa, in ka kira shi Alhaji kawai sai kunnensa ya toshe. Hotunansa sun rufe bangon gidana har ƙadangaru sun rasa wurin shan hantsi.

Da siyasa ta sake kaɗawa, ya same ni a rumfata ta albasa, ya zauna kan buhu ba wanda ya ce masa bismilla.

"Na gano matsalar," in ji shi. "Mutanen Bodinga ba su san darajata ba. Mazaɓar Shagari za ni tsayawa."

"Da wane dangi?"

"Ba uwarka ɗiyar Horo Birni ta ba? Ara min kawunka. In an ƙare zaɓe in maishe ma shi."

"Onarabul, kawu ba galma na ba. Tashi min bisa buhu, ka fi albasar ga sa ni hawaye."

Na ɗauka magana ta mutu. Ashe mutumin bai da kunya ko ta cikin cokali. Wata ƙaramar jam'iyya ta ba shi tuta, ya nufi Horo Birni, cikin ƙasar Shagari, shi kaɗai.

Kawuna tsoho ne, manomin dawa, mai tsare mutuncinsa kamar ƙwai. Tun rasuwar mahaifiyata, zaurensa ne kaɗai ya rage mini inda nake shiga a matsayin ɗa. Onarabul ya durƙusa gabansa ya ce ni na turo shi, wai uwata da tasa nono ɗaya suka sha. Kawu ba zai kunyata baƙon da ɗan ƙanwarsa ya aiko ba. Sai ya ce, "To, in kai ɗan gidan ga na, dawa ta isa girbi. Ka zo muna gayya."

Ya zo kuwa. Babura kamar fari, lasifika, makaɗa, mai ɗaukar hoto, da zaratan samari sanye da huluna masu fuskarsa. An yi rashin sa'a Kawu ya tafi jana'iza Kajiji da safen nan. Kowa a garin, har jinjiri a goye, ya san gonar Kawu ta ƙare ne a layin gamba. Abin da ke bayan gambar na wani dattijo ne da suka daɗe suna rikicin iyaka, wanda da ƙyar mai gari ya kashe wutar. Onarabul ya duba ya ga dawar bayan gamba ta fi tsayi, ta fi zangarniya, za ta fi kyau a hoto.

"Ku fara daga nan!" in ji shi.

Suka share gonar bawan Allah tas, suka ɗaure dammuna, suka jibge a ƙofar rumbun Kawu da kiɗa da kirari. Kafin la'asar sun yi gaba.

Dattijon ya kai ƙara wai Kawu ya yi hayar 'yan banga sun yi masa fashi da rana tsaka. Aka kira kawuna gaban mai gari, da furfurarsa, ya ba da haƙuri kan laifin da yana maƙabarta aka yi shi.

Da labari ya iso ni, na hau babur ban ko rufe rumfa ba. Na yi sallama a zaure.

"Wa na?" Kawu ya tambaya daga ciki.

"Ni na, Kawu."

"Wanne daga ciki? Ɗiyan ƙanwata sun yawaita kwanan ga."

Na yi ta rantsuwa ba ni na turo Onarabul ba, har maƙogwarona ya bushe. Ko tabarma bai sa an shimfiɗa mini ba. Ya ce in tashi in bar masa ƙofa, kuma kada in sake takowa sai ya neme ni. Ni na kwashe dammunan nan a ka, da tumbina da komai, na mayar wa mai su, yana tsaye yana zagin kakannina ɗaya bayan ɗaya.

Na koma Bodinga na tarar da sabon hoto a bangona: Onarabul riƙe da lauje, yana murmushi cikin dawar sata. Na same shi ina huci.

"Haba, ɗan'uwa," ya ce, "ai dawa dawa ta. In na ci, rumbun siminti zan gina musu."

"Ka ƙara ce min ɗan'uwa, wallahi da hoton ga zan toshe ma baki."

Ya faɗi zaɓen, faɗuwar da ta sa na baya suka zama nasara. An ce Kawu da dattijon nan, waɗanda ba su taɓa yarda da juna kan komai ba, tare suka bi layi ranar don su ƙi shi.

Sai bayan Babbar Sallah Kawu ya aiko a kira ni. Ya karɓi gaisuwata, amma da sharaɗi: tun da ɗiyan ƙanwarsa na son gayya, kowace kaka ni zan girbe bakin iyaka da hannuna. Har yau haka nake yi. Ina sara ina tsine wa mutumin nan, bayana yana ƙara kamar tsohon ƙyaure, Kawu na zaune a inuwa yana ɗaga murya: "Duƙa da kyau, kai! Ko Onarabul ya fi ka sauri."