Ƙulli Na Bakwai A Igiyar Kaka

Wata Laraba ce a watan Safar, ina aji biyu na sakandare, na hau matattakalar Nakkasa, unguwarmu ta kan dutse a Makka, da igiyar kakata a cikin jakar makaranta. Rana ta take, unguwa ta yi tsit kamar an kwashe mutanenta. Rabin gidajen layinmu an shafa musu jan fenti na rusau, masu su sun tashi sun bar ƙofofi a buɗe, iska na kaɗa su ɗaya bayan ɗaya. A kan matattakalar nan muka yi carafke da 'yar gala-gala, a kanta na sha hawa da jarkar ruwa da buhun dawar da Kaka ke sayar wa masu ciyar da tantabaru. Amma ran nan ƙafata nauyi take yi, domin na san yadda na ari igiyar nan da safe ba haka zan mayar da ita ba.

Daga makaranta abin ya faro. Muna karanta tarihin dauloli da sarakuna, amma babu layi guda a kan mutanen da suka tako zuwa Makka suka zauna, irin mu Hausawa da Buhariyawa da mutanen Jawa. Ni da ƙawata Asabe muka yago takarda daga littafi, lokacin hutun tara muna bi aji-aji muna karɓar sa hannun 'yan mata, har takardar ta yi dabbare-dabbare da man waken da muke karyawa da shi. Roƙonmu a ba mu darasi ɗaya a mako kan asalin iyayenmu. Shugabar makaranta ta karanta, ta yi murmushi, ta ce, "Tarihi da shaida ake karantar da shi. Ku kawo mini shaida."

Ni kuwa shaida ɗaya na sani. Kaka tana ƙarama suka taso daga Kano a ƙafa, suka yi shekaru suna tafe suna tsayawa noma a hanya. Duk wanda aka binne daga cikin ayarinsu, mahaifiyarta sai ta ƙulla masa ƙulli a wata igiyar rama. Goma sha ɗaya ne. Kowace Juma'a bayan la'asar Kaka na zaro ta daga ƙasan akwati, idonta ya riga ya tafi, yatsunta ne ke karatu. Ta taɓa ƙulli ta kira suna da inda aka kwantar da shi, "Malam Tanko, ƙasar Wadai," ta yi masa addu'a ta wuce na gaba. Muryarta kan sauya, kamar tana kiran mutanen da ke zaune a bayan labule. Tsigar jikina na tashi, in sulale waje. Ban taɓa tsayawa na haddace ba, Hausar ma a lokacin nauyi take mini a baki. Da na roƙe ta aro ta daɗe tana shafa igiyar, sannan ta ce, "Ke 'yar Larabawa, mutane za ki ɗauka fa. Ki dawo mini da su kafin la'asar."

Kuskuren nawa ne. Na tarar ofis ba kowa, na ajiye igiyar a kan takardarmu ba tare da wani bayani ba, na ruga aji. Na manta cewa a nan ƙasar igiya mai ƙulle-ƙulle abu ɗaya take nufi a idon mutane, wato sihiri. Malamar addini ce ta fara ganinta, baiwar Allah mai tausayi. Da aka kira ni na same ta tana warware ƙulli na ƙarshe, tana karanta Falaƙi da Nasi. Ta rungume ni ta ce kada in ji tsoro, Allah Ya karya abin da aka nufe mu da shi. Larabcin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni.

Ɗakin Kaka da duhu ko da rana. Na sa mata igiyar a tafin hannu. Ta ja ta daga farko zuwa ƙarshe, ba ta yi faɗa ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ashe kowane ƙulli ya bar lanƙwasa a gurbinsa, sai ta shiga lalube tana kiran sunaye a hankali. Ta kira shida. A na bakwai yatsanta ya tsaya. Ƙullin nan daban yake da sauran, mai kai biyu, shi ke tuna mata. Ta koma farko har sau uku. "Yarinya ce," in ji ta, "hannuna take riƙewa in mun shiga rairayi." A gidan maƙwabta da ba kowa ƙofa ta bugu, muka kasa kunne mu biyun kamar masu jiran sallama. Sunan bai zo ba, har Allah Ya karɓi ranta bai zo ba. Sauran goman kuwa ba ta manta ba, na zauna na haddace su daga bakinta.

Darasin mako ba mu samu ba. Awa guda aka ba mu a ƙarshen shekara, na tsaya gaban 'yan mata na kira sunaye goma, na yi shiru a gurbin ɗaya.

Yau inda ɗakin Kaka yake fili ne shafe, ko matattakalar babu. 'Ya'yana mata suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa mini, sai dai sunayen nan goma na tabbatar sun zauna a bakinsu. Igiyar na wurina, ban sake ƙulla ta ba, lanƙwasarta kuma ta ƙi miƙewa. Duk Juma'a in yatsana ya kai na bakwai nakan ce, Allah Ka ji ƙan yarinyar da ta riƙe hannun Kaka. Shi ai bai manta sunanta ba.