Hannun Nagoda Mai Katifa

Kakana na wajen uwa, Nagoda mai katifa, matsoraci ne, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Tsofaffin Tudun Wada da suka riske shi da abu biyu suke tuna shi: hannunsa na dama da yatsun suka manne da juna, da kuma tambayoyin da yakan tsare mai saye da su kafin ya yarda ya sayar masa da katifa. Wasu kan ce tsabar fitina ce. Ni kuwa da na ji labarin daga bakin innata Maijidda, wadda abin ya faru tana cikin tsumman goyo, na san tsoro ne tsagwaronsa.

Daga wani ƙauye ta wajen Soba ya zo Zariya, shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa. Baƙo irinsa ba ya samun fili a cikin birni, sai aka nuna masa Tudun Wada, lokacin ba ta wuce 'yan bukkoki da dangar kara ba. Ya kafa ɗaki biyu na jinka shi da matarsa Sakinatu, ya shiga leburanci a tasha, yana ɗaukar buhunan gyaɗa da dilolin auduga.

Sun haifi biyu, sun binne biyu. Na fari bai kai suna ba, na biyu ya fara zama ke nan zazzaɓi ya ɗauke shi. Tun daga nan zuciyar Nagoda ta tsinke, ba ta sake komawa daidai ba. Kaza ta yi tari a tsakar gida sai ya miƙe tsaye. Saboda haka da Sakinatu ta sami ciki na uku, tun bai tsufa ba ya aika ƙauye aka zo masa da Gwaggo Rakiya, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta yi wa rabin matan garinsu jego.

Gwaggo ta zo da hukuncinta a baki. Ta ce sanyi ne ya cinye yaran nan biyu, don an yi wa uwarsu jegon ganin dama, sanyi ya shige ta ya ɓata nono. Ta sa aka gina gadon ƙasa a ɗakin Sakinatu, irin mai kogo a ƙarƙashi inda ake hura wuta don a gasa maijego. Aka haifi innata a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Safe da yamma wankan tafasasshen ruwa da ganyen runhu, a bi da kunun kanwa, sannan a kwantar da Sakinatu a kan gadon nan, tsakaninta da zafin ƙasa tabarma ɗaya tal.

Barci ya ƙaurace wa Sakinatu. Bayanta ya yi bororo, ƙugunta ya riƙe, ta juya nan zafi ta juya can tauri. Bayan suna idanunta suka faɗa, ta fara magana ita kaɗai, tana kiran sunan yaron da ya rasu. Nono ya ja baya. Jaririyar ta koma wani siririn kuka wanda Nagoda ya riga ya san shi, don ya ji irinsa sau biyu. Yakan tsaya a bakin asabari yana saurare.

"Gwaggo, don Allah a rage wutar nan ko kaɗan," in ji shi. "Mutum ba ya rayuwa ba barci."

"Kai ka taɓa haihuwa?" Gwaggo ta ce. "An rage muku sau biyu, ina abin da aka rage ɗin ya kai ku? Tafi wajen buhunanka, ɗan nan."

Ya tafi, amma da tunani ya tafi. A bayan tasha akwai gidan wani akawu mutumin Ikko, kuma Nagoda ya taɓa ganin an shanya wani abu a kan dangarsa kamar ƙaton matashin kai. Ya faki ido ya danna shi da hannu, hannun ya nutse. Kukun gidan ya gaya masa katifa ce, a kanta maigidan yake kwana. Ranar abin ya ba shi dariya. Yanzu kuwa ya ga idan bai samo wa matarsa irinta ba, zai binne ta ita da 'yar.

Ya sami Gwadabe, wani maɗinki a kasuwar Tudun Wada wanda yakan yi wa akawuna ɗinki. Gwadabe ya ce buhun ba wuya, yadin akoko ne a ninka a ɗinke, abin da za a cusa shi ne magana.

"Ciyawa ta fi araha, amma za ta soki mai ciwon baya, ga kuɗin cizo. Tsummokara wari. Audugar gona nauyi ne da ita, tana shan gumi sai ta dunƙule kamar curin fura. Idan barci kake nema mata na gaske, audugar rimi. Ba ta riƙe ruwa, ba ta da nauyi. Sai dai ka tsince ƙwayar tas, idan ba haka ba ɓeraye su raba ku da ita."

Da Nagoda ya ji an ce rimi sai tsoro ya kama shi. Wa bai san masu zama a kan rimi ba? Yaro ma ya san ba a zama gindinsa da tsakar rana ko da almuru. Amma ya tuna kukan nan siriri, ya daure. Da hantsi ya shiga birni ta Ƙofar Doka, ya roƙi wani dattijo mai rimaye a bayan gidansa. Lokacin kwanson yake fashewa, auduga ta rufe ƙasa fari fat. Ya yi ta tsinta yana karanta duk abin da ya iya, bai ko yarda ya ɗaga kai sama ba.

Aka tsince ƙwaya, aka shanya, aka cusa, Gwadabe ya ɗinke. Da Gwaggo ta ji abin da ke ciki ta yi tsalle gefe.

"La'ilaha illallahu! Shimfiɗar mutanen ɓoye ka kwaso wa ɗanyen jego? Ba a ɗakin da nake ba."

Shi ma abin da ke cinsa ke nan, don haka bai yi gardama ba. Ya ɗauki katifa a ka ya kai wa Malam Salmanu, limamin unguwa. Malam ya yi tofi a kusurwoyinta huɗu, ya ba da laya aka ɗinke a wajen kai, ya ce a yi sadakar waina. Aka yi. Sannan Gwaggo ta sauko, bisa sharaɗi ɗaya: katifa ta hau gado, amma wuta ba za ta mutu ba. Nagoda ya amsa da murna. Duk gidan, har da malamin da maɗinkin, ba wanda ya ga abin tsoro a wannan sharaɗi, hankalin kowa yana kan abin da ba a gani.

Da la'asar aka shimfiɗa ta, aka rufa mata wani tsohon gwado mai laushi. Sakinatu ta kwanta, ta yi ajiyar zuciya, shi ke nan. Sai da aka tashe ta don wankan safe. Ta sha kunu ƙwarya guda, nono ya sauko, jaririya ta sha har ta yi gyatsa. Nagoda ya koma bayan ɗaki ya yi kuka don daɗi.

Gwaggo ce kaɗai fuskarta ba ta saki ba.

"Na taɓa bayanta na ji shi sanyi ƙalau," ta ce. "Wannan abin naka ya tare zafin. Sai an ninka wutar kafin ta ratsa."

"To Gwaggo, a ninka mana," in ji shi. Da hannunsa ya faskara mata itacen kafin ya fita, busasshe mai kyau, ya jibge mata a ƙofar ɗaki.

Rana ta take, leburori suka zauna hutawa a inuwar wani tarago. Wani abokin aikinsa Sabo ya ciro lofensa zai sha taba. A lokacin ashana sai gidan Turawa da akawuna, talaka da ƙyastu yake yawo. Sabo ya buɗe 'yar jakarsa ta fata, ya tsakuro wani farin abu, ya ɗora a kan ƙanƙara, ya ƙyasta sau ɗaya. Tartsatsi ɗaya ya faɗa, abin ya kama nan take.

Nagoda ya zuba wa yatsun Sabo ido. Audugar rimi ce. Irinta ce a cikin tasa jakar da ke rataye a ƙugunsa, da ita yake kunna wuta tun yana saurayi. Kowa a ƙasar nan ya san da ita ake ƙyasta wuta. Shi kuwa ya tara ta buhu guda, ya ɗora a kan rushi, ya kwantar da matarsa da 'yarsa a kai, ya kuma faskara itacen ƙari.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Helma, shugaban leburori, yana ƙwala masa kira, bai waiga ba. Ya yanki daji, ya faɗa rairayin Kubanni, takalminsa ɗaya ya tsinke ya bar shi nan. Yana gudu yana duban sama ta wajen Tudun Wada, kowane hayaƙin girki ya hango sai ya ce na gidansa ne. Ya so ya yi addu'a, bakinsa ya kasa haɗa komai sai "ya Allahu, ya Allahu."

Ya tarar da gida shiru. Gwaggo tana zaune a inuwar danga tana kaɗi, hayaƙi yana fita ta saman asabari kamar kullum.

"Kai, lafiya? Kada ka tashe ta, barci take yi mai daɗi, ita da 'yar."

Ya wuce ta. Namiji ba ya faɗa wa ɗakin jego haka, amma ya bankaɗe asabari ya shiga. Ba warin itace ya buge shi ba, ƙaurin tsumma ne. Sakinatu tana kwance ta rungume jaririya, fuskarta sumul. Ya kira ta, ba ta motsa ba. Ya zura hannunsa na dama tsakanin katifa da gado, sai ya ji ya nutse cikin wuta. Zafi ya tsaga ƙasar gadon, wuta ta bi tsagar, ta cinye cikin katifar a hankali ba tare da ta nuna harshe ba. Abin da ya rage tsakaninta da bayan matar bai kai kaurin tafin hannu ba.

Ya fizgi jaririya da hagu ya miƙa wa Gwaggo da ta biyo shi tana faɗa. Ya tallabo Sakinatu, da ƙonannen hannun da mai lafiyar, ya jawo ta ƙasa. Nauyinta na barin katifar, iska ta shiga, abin ya tashi bal har jinka. Da jan ciki ya fito da ita.

Maƙwabta suka taru da tuluna, amma ɗakin bai tsira ba. Ba ɗakin ne ya dame shi ba. Sakinatu ce kwance a tsakar gida, hayaƙi ya bugar da ita, ana yayyafa mata ruwa ba ta buɗe ido ba. Innata ta ce Gwaggo ta sha gaya mata yadda ya durƙusa yana jijjiga ta, fatar hannunsa tana saɓulewa bai sani ba, yana cewa, "Tashi, don girman Allah tashi, ni na yi." Can Sakinatu ta yi tari. Ta buɗe ido ta ce, "Malam, me ya sa aka tashe ni?"

Unguwa ta yanke cewa masu rimi ne suka zo karɓar kayansu. Gwaggo ma da wannan ta koma ƙauye bayan arba'in, har ta rasu ba ta yarda itacenta ne ba. Nagoda bai ja da kowa ba.

Hannun ya warke a manne, ɗaukar buhu ya gagara. Sakinatu ce ta ce ita dai a yi mata wata katifar, don tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa barci irin na ranar ba. Ya ƙi, ta nace, ya yi mata, ya ɗora a kan gadon kara, ya fitar da ko fitila daga ɗakin. Matan unguwa suka zo suka danna, suka koma suka tasa mazajensu gaba. Haka sana'ar ta same shi. Ya iya zaɓen auduga, ya san mai ciwon baya cusawa sosai yake so, tsoho kuma sassauci. Amma kafin ka ɗauka sai ka amsa masa: wane irin gado ne da kai, akwai mai ciki a gidanka, ina kuke ajiye kaskon wuta da sanyi? Idan ka ce gadon ƙasa, ko me za ka ba shi sai dai ka tafi wani wuri.

Shi kansa bai taɓa kwana a kan katifa ba, buzu yake shimfiɗawa a ƙasa. Kuma bai iya ganin matarsa tana barci mai nauyi ba. Ko gyangyaɗin rana ta yi sai ya lallaɓo ya zura mannannen hannun a ƙarƙashinta. Tun tana faɗa har ta saba, takan ce cikin barci, "Ba komai, Malam," ya fita.

Sun tsufa tare a gidan nan. Wata rana bayan azahar ta ce jikinta ba daɗi, za ta ɗan kishingiɗa. Ya shigo kamar yadda ya saba, ya zura hannu, ya ji sanyi ƙalau. Ya ce alhamdulillahi, ya koma zaure wajen audugarsa. Har ya zare allura zai ci gaba da ɗinki, sai ya tuna yau ba ta ce masa "ba komai" ba.